Ba sai an zazzage buhu ake sanin hatsi ba

Duk lokacin da rediyo ta ba da alƙaluman haihuwa ko na tamowa, sai ka ji mata a kasuwar Maraɗi suna tambayar wa ya zo gidajensu ya ƙirga. Tambayar tana bisa hanya, kuma tana da amsa.

Ƙidayar jama'a gida-gida aiki ne mai cin kuɗi, shi ya sa ba a yin ta kullum. A Nijar an yi ta a 1977, 1988, 2001 da 2012, inda aka samu mutum sama da miliyan 17. A tsakani, ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ɗiba take yi, kamar mai sayen hatsi da ke cusa hannu sama da tsakiya da ƙasan buhu. Ana raba ƙasa yanki-yanki, a fidda wasu ta hanyar ƙuri'a, sannan a fidda gidaje a cikinsu. Don haka ana iya shiga wata unguwa a Tsibiri a tsallake ta kusa da ita, ba don son kai ba. A binciken 2012 mata wajen 11,000 aka tambaya, aka gano cewa mata 10 kan haifi yara 76 a rayuwarsu. Binciken 2021 ya nuna 62.

Wurin lissafi ne ake tuntuɓe. A misali, a ce an auna yara 100 a Jiratawa, 20 na da tamowa, wato kashi 20 cikin ɗari. A Maraɗi an auna 400, an samu 40, kashi 10 ke nan. Mai gaggawa zai raba tsakiya ya ce kashi 15. Kuskure ne. Sai a haɗa 60 a raba da 500, a samu kashi 12. Ko 'yar kasuwa ba ta haɗa ribar tiya da ta buhu ta raba biyu.

Wanda ya ga yunwar 2005 a jahar Maraɗi ya san amfanin wannan. Da irin alƙaluman nan hukuma da ƙungiyoyi ke tsara inda za a kai abinci da magani. Gida guda da ƙuri'a ta faɗa wa yana tsaya wa gidaje masu yawa. Uwar da ta ɓoye ɗan fari don kunya, ko ta rage shekarun yaro, ta taɓa rabon maƙwabtanta. In masu bincike sun yi sallama, iyayenmu mata, a faɗa musu gaskiya. Allah ya sa mu dace.