Kafin Ka Ɗaga Motarka Don Hanyar Ƙauye

Yawancin motocin da ke lodi a tashoshin Sakkwato ba don hanyoyinmu aka ƙera su ba. Golf da Sharon da sauran motocin Kwatano an yi su ne don kwaltar Turai, tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai taƙi guda ba. Daga nan zuwa Illela kwalta ce, amma da ka sauka ka nufi ƙauyukan fadamar Rima ko na Tangaza da Gudu, sai rairayi da rani, taɓo da zaizaya da damina. Manyan motoci sun haƙa sawun taya biyu, sun bar tudu a tsakiya. Wannan tudun shi ke fasa kwanon baƙin mai da ke ƙasan inji, shi ke tsinke salansa. Shi ya sa tsofaffin direbobi har yau suke kewar Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975, don tsayinta da juriyarta a hanya mai gargada.

Na yi shekaru ina jan bas a waɗannan hanyoyi, kuma abin da na fi ji a gareji shi ne: "Maigida, tana kwasar ƙasa, a ɗaga min ita." Bakanike na kirki ba zai taɓa sufana ba sai ya duba sifirin. Motar da ta sha buhunan albasa da gero, sifirinta ya gaji, ta zauna. Sau da yawa sabon sifirin da shokozoba mai rai sun isa su dawo mata da tsayinta na asali, ba tare da an ƙara komai ba.

In duk da haka tana bugu, hanyoyi uku ne. Ta farko, taya mai tsayin gefe. Wanda ya bar 195/65 R15 ya koma 205/70 R15 ya samu ƙarin kusan santimita 1.7. Kaɗan ne a ido, amma yana ɗaga komai da komai. Sai dai a murza sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, a tabbatar tayar ba ta gugar jiki. A kuma san cewa agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 5 cikin 100.

Ta biyu, a sa zoben roba mai tauri ko na ƙarfe a saman sifirin mai naɗi. Santimita 2 zuwa 3 ya wadatar. In an zarce, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba zai karkace fiye da yadda aka tsara shi, robarsa ta yage, rairayi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kowace kwana.

Ta uku ta masu Hiace ce. A baya akan ƙara falle ɗaya a cikin sifirin mai faranti, a gaba kuma akwai sandar ƙarfe mai murɗawa da ake ɗaure notinta don gaban ya tashi. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ƙarin falle yana ɗaga jikin motar, amma tulun giyar da ke tsakiyar ƙarfen tayoyin baya yana nan inda yake, domin a kan tayoyi yake zaune, ba a kan sifirin ba. Shi ne ya fi kusa da ƙasa a bayan motar, kuma babu abin da ke ɗaga shi sai babbar taya.

Tsayi kuma yana da farashi. Duk santimitar da aka ƙara, nauyin mota ya ƙara hawa sama. A ɗora kaya a rufi, a cika fasinja ranar kasuwa, a shiga kwana da gudu, abin da zai biyo baya ba sai an faɗa ba. Garin neman gira kada a rasa ido. Ban yarda da cusa guntun tsohuwar taya tsakanin naɗin sifirin ba, domin yana hana shi lanƙwasa, motar ta riƙa tsalle, taya ta riƙa rabuwa da ƙasa daidai lokacin da kake buƙatar burki.

Wani abin ma ba tsayi ke maganinsa ba. A cikin rairayi, rage iskar taya ya fi ɗagawa amfani, in an hau kwalta a koma wurin fakanaiza a cika. Farantin ƙarfe da mai walda zai ɗaura a ƙasan inji kuwa ya fi araha nesa da sayen wani injin.

Duk wanda ya ɗaga mota, kada ya bar gareji sai an daidaita tayoyin gaba, an sunkuyar da fitilu don kada su kashe wa na gaba ido, an kuma duba tiyon burki bai ɗame ba. Daga nan ya gwada ta babu kaya, kafin ya ɗauki ran kowa.