Wuni a Bakin Ruwa: Daga Tsibirin Zanzibar Zuwa Dam ɗin Challawa

Mutumin Kafin Dafga da ke son ya tsoma ƙafarsa a teku, sai ya ɗaura aniyar tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas. Amma in faɗin ruwa yake marmarin gani, irin wanda ido kan gaji kafin ya kai ɗaya gaɓar, ba sai ya bar ƙaramar hukumarsa ba. Madatsar ruwa ta Challawa tana nan kwance a ƙasar Ƙaraye ta Jihar Kano. Kamfanin Julius Berger ne ya kammala gina ta a 1992. Bangonta ya kai mita 42 a tsaye, tsawonsa ya doshi kilomita 8, kuma idan ta cika tana riƙe da ruwan da ya kai kimanin lita biliyan 900. An yi ta ne domin noman rani da ruwan sha da daidaita ambaliya, kuma har yau ba a cika kallonta a matsayin wurin da iyali za su je su wuni su dawo da labari ba.

A gefe guda kuma, hotunan Zanzibar sun cika wayoyin mutane. Masu hali daga Kano da Kaduna da Abuja suna hawa jirgi zuwa wannan tsibiri na ƙasar Tanzaniya, wasu amarci ya kai su, wasu hutun ƙarshen shekara. Yana da kyau a duba abin da suke biyan kuɗi su samu a wuni guda, domin a nan ne za a gane abin da Ƙaraye take da shi da abin da ta rasa.

Baƙo kan fara da sanyin safiya a tsohon birni, Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, da gidajen dutse masu ƙofofin katako da aka sassaƙa aka yi wa ado da tagulla. Ɗan jagora zai kai shi inda tsohuwar kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a gurbinta. Daga nan sai ƙaramin jirgi zuwa tsibirin Changuu, tafiyar kamar rabin awa, inda ake kiwon manyan kunkuru da aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919. Kafin azahar an shiga gonakin kayan ƙamshi, mutum ya ga kanumfari da kirfa da citta a jikin bishiyarsu da shukarsu, abubuwan da ya saba gani a busasshe a kasuwar Kurmi. Da la'asar sai bakin teku: iyo, leƙa kifaye masu launi ta cikin tabarau na ruwa, shan ruwan ɗanyar kwakwa. Dab da magariba a hau jirgin katako mai tafiya da iska, irin wanda har gobe ake sassaƙawa da hannu a ƙauyen Nungwi. Bayan isha'i kuma a lambun Forodhani ake taruwa, ana gasa kifi ana matse ruwan rake.

Duk wanda ya lura zai ga cewa teku kashi ɗaya ne kawai na wannan wuni. Sauran duka aikin mutane ne: wani ya san tarihi yana ba da shi, wani ya gyara jirginsa, wata ta soya abinci mai tsabta, wani ya share gaɓa tun asuba.

Shi kansa tekun yana da ɗabi'arsa da ke juya jadawalin baƙo. Sau biyu a kwana ruwa yake cikowa ya kuma janye, saboda jan da wata yake yi wa ruwan duniya, tare da ɗan taimakon rana. Tsakanin cikowa da janyewa akwai awa shida da 'yan mintuna. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, ruwan kan ja baya da nisa har mutum ya yi ta tafiya a kan yashi, kuma a daidai lokacin ne mata ke fitowa gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a tsibirin tun ƙarshen shekarun 1980. Farin yashin da ke ɗaukar ido a hotuna kuwa, niƙaƙƙen murjani ne da ɓawon halittun ruwa. Dam ba ya yin wannan numfashi na cikowa da janyewa a kullum. Nasa na shekara ne: ya tumbatsa a watan Agusta da Satumba, sannan ya riƙa ja baya a hankali cikin rani, yana barin danshin da manoma ke bi da shuka.

Babban bambancin dai gishiri ne. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, shi ya sa jiki ke saurin tasowa sama a cikinsa. Kuma wannan gishirin ne ya hana wani ɗan ƙaramin dodon koɗi zama a teku, wanda shi ne mazaunin cutar tsargiya. A ruwan daɗi mai kwanciya, mai ciyayi a gefe, nan yake hayayyafa. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon koɗin, su yawaita, su fito suna iyo, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son wanka. Cikin 'yan mintuna sukan huda fata ba tare da mutum ya ji ba. Bayan makonni tsutsar ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, sai a fara ganin jini a ƙarshen fitsari.

A ƙauyuka da yawa an daɗe ana ɗaukar wannan jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji, abin da ya sa ba a neman magani. Alhali idan aka bar ta shekaru, tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kai wa ga cutar daji, tana kuma shafar haihuwa ga mata. Maganinta, praziquantel, ƙwaya ce da ake rabawa kyauta a makarantu, sai dai ba ta hana sake kamuwa. Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Su ma mutanen Zanzibar suna fama da ita a kududdufai da rafukan cikin tsibiri, teku ne kaɗai ya tsira. Saboda haka duk mai mafarkin mayar da gaɓar Challawa wurin shaƙatawa, dole ya fara da gina bayan gida kafin ya kafa rumfa, kuma kada ya kwaɗaita wa kowa faɗawa ruwan don iyo. Wanda ke son ninƙaya, a gina masa wurin wanka da ake zuba wa magani.

Sai batun jirgi, wanda mutanen yammacin Kano ba sa buƙatar a tuna musu zafinsa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwalen da ya taso daga Badau zuwa Ɓagwai ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. An yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Zanzibar ma ta ɗanɗani irin wannan a Satumban 2011, lokacin da jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin tsibiran Unguja da Pemba da ɗaruruwan mutane, shi ma saboda lodi. Ruwan dam yana da nasa tarkon da baƙo bai sani ba: tsohuwar hanyar kogi da ke zurfafa farat ɗaya, kututturan bishiyoyin da ruwa ya binne, tarun masunta, da guguwar yamma ta farkon damina. Rigar kariya ga kowane fasinja da ƙayyade adadin mutane a jirgi ba alfarma ba ce, kuma Sarkin Ruwa da masuntan garin Turawa da maƙwabtansu, waɗanda suka san kowace kusurwa ta ruwan, su ya kamata a ɗora wa wannan amana a kuma biya su.

Akwai masu jin kalmar bakin ruwa sai tunaninsu ya tafi ga tsiraici da sharholiya. Damuwar tasu tana da tushe, amma Zanzibar kanta ta ba da amsa. Mafi rinjayen mutanenta Musulmi ne, kiran salla na tashi daga masallatan Stone Town sau biyar, kuma hukumomi na neman baƙi su suturta jikinsu a cikin gari. A Nungwi ma akwai wata ƙungiya, Panje Project, da ke koya wa 'yan mata iyo sanye da tufafin da suka rufe jiki duka, domin rage nutsewa. Al'ummar da ta tsara wurinta da kanta, ita ke gindaya sharuɗɗan shigarsa.

Kano ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, bai tsaya ga gina madatsun ruwa ba, ya haɗa su da masaukin baƙi. A zamaninsa aka yi dam ɗin Tiga, aka samu otal ɗin Rock Castle a gefensa da na Bagauda a bakin tafki. Na Bagauda yanzu ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Abin da tarihin waɗannan wurare ya nuna shi ne, katafaren gini yana tashi ne da kuɗin gwamnati, ya kuma kwanta ranar da gwamnati ta juya masa baya.

Abin da ya fi dacewa da Ƙaraye da maƙwabciyarta Rogo ya fi wannan sauƙi da arha. Daga Oktoba zuwa Fabrairu ruwa a cike yake, zafi ya sauka, tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai sun iso arewacin Najeriya. Iyali daga Kano za su iya tasowa bayan asuba, tafiyar kimanin kilomita 90, su fara da tsohon garin Ƙaraye da ƙofar fadar sarki, su isa gaɓa su ga masunta na jefa birgi, su zaga ruwa a jirgi mai rigar kariya, su ci gasasshiyar karfasa ko farfesun tarwaɗa a inuwa, su yi sallar la'asar, su sayi kayan lambu su kama hanya kafin duhu. Makarantu ma za su samu ajin da ba allo: a nuna wa ɗalibai ƙofofin da ake sakin ruwa, a faɗa musu cewa abin da aka saki a nan yana ratsa Kano ya kai Haɗeja da fadamun Nguru.

Wa zai ci ribar? A Zanzibar ana yawan kukan cewa manyan otal-otal na baƙi ne, 'yan ƙasa kuma sai ƙananan ayyuka. Bai kamata a maimaita haka a nan ba, musamman da yake ruwan Challawa ya cinye gonaki da matsugunan mutane kafin ya zama abin kallo. Jikokin waɗanda suka tashi suka ba shi wuri su ne suka fi cancanta da riƙe jirage da rumfunan abinci da aikin jagora. Kuma ƙasar ta riga ta saba da karɓar baƙi: sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yana Kusalla, kusa da wani dam ɗin, inda matasa daga kowace jiha ke yin mako uku rukuni bayan rukuni, daga nan a watsa su cikin ƙananan hukumomin jihar su shekara. Da yawansu suna gama hidimar su koma gida ba su taɓa tsayawa a gaɓar Challawa ba.