Keke Mai Caji: Abin da Iyaye Za Su Duba Kafin Su Sayar da Hatsi

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu na Karare da ƙauyukan Batsari da Safana sun koma birnin Katsina ko Kano, wasu don neman aiki, wasu saboda rashin tsaro. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin adaidaita sahu yana cinye babban kaso na albashin mai gadi, lebura ko malamar makaranta. Shi ya sa wasunsu suke aiko wa gida a taimaka musu su sayi keke mai caji.

Keke ne kamar wanda muka sani, amma an sa masa ƙaramin inji a cikin taya, da batir da ake cajawa kamar na waya. Caji yana ɗaukar awa 4 zuwa 6, kuma yakan kai mutum kilomita 30 zuwa 50 a kan kwalta. Wutar da ƙaramin batir yake sha wajen rabin yunit ne na mita. Ba mai, ba baƙin mai, ba fulogi. A ƙasar Sin irin waɗannan kekuna sun haura miliyan 300. Ga wanda yake zuwa aiki daga Kofar Ƙaura zuwa cikin gari, caji ɗaya zai yi masa kwanaki.

Amma ran keken yana cikin batir, kuma shi ne mai tsada. Iri biyu ne. Na dalma yana da araha da nauyi, sau da yawa ba ya wuce shekara biyu. Na litiyam ya fi tsada, ya fi daɗewa. Wanda ya sayi na hannu ba tare da ya hau shi ya yi doguwar tafiya ba, yana iya sayen mataccen batir da sabon fenti. A tambayi yaron tukuna: a ina zai yi caji? Unguwarsu tana samun wuta, ko zai riƙa biyan mai sola? Akwai mai gyara kusa? In ba amsa, kada a taɓa rumbu.

Sai maganar gobara, wadda ta fi damunmu, domin yaranmu sukan kwana su huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya. Kada a bar batir a caji a yi barci, kada a sa shi a bakin ƙofa inda zai tare hanyar fita. A yi amfani da cajar da ta zo da shi kaɗai. Zafin bazara yana kashe batir, a ajiye shi a inuwa, a bar shi ya huce kafin a jona. Wanda ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi waje nan da nan.

A hanyoyinmu na ƙauye kuwa, yashi da kaya suna shanye caji da wuri, don haka ba zai maye gurbin babur ko amalanke ba.

Iyalin da suka ga ya dace, gara su bi ta adashin zumuntar mata ko ta matasa da su ci bashi mai ruwa, kuma su nemi wani dattijon ikilisiya da ke birni ya raka yaron wurin saye.