Masu nutso da tulun iska: darasi ga mutanen tabki da rijiya

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Wanda ya tashi daga Madawa, Buza ko Keita, sai ya kai Kwatano ko Legas kafin ya gan ta. A bakin teku akwai mutanen da sana'arsu ke nan, nutso. Suna goya tulun ƙarfe cike da iska, su shiga ƙarƙashin ruwa suna numfashi ta tiyo. Turawan Faransa biyu, Kusto da Ganyan, su suka ƙera wannan na'ura a 1943.

A Dakar, babban birnin Senegal, akwai ƙungiyar masu nutso mai suna Oceanium. Ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin ruwa Joola ya kife, mutum fiye da 1,800 suka rasu. Haidar El Ali, shugaban ƙungiyar a lokacin, yana cikin waɗanda suka yi nutso wurin jirgin.

Yadda ake koyo

Ba a fara koyo a teku. Ana farawa a ruwa marar zurfi, sannan malamai su kai ɗalibai teku. Ba a magana a cikin ruwa, sai da hannu. In mutum ya ɗaga babban yatsa sama, nufinsa a hau.

Ruwa yana da nauyi. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jiki ya ninka na bisa tudu sau 2. Wanda ya shaƙi iskar tulu a can, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta yi ma huhunsa rauni. Don haka ana tasowa sannu sannu, ana numfashi.

Babbar dokarsu ita ce: ba a nutso mutum ɗaya. Kowa da abokinsa mai lura da shi.

A ƙasar Adar

Tun daga 1984, aikin raya ƙasar Keita da taimakon Italiya ya gina madatsun ruwa da yawa. An samu ruwan dabbobi da na noman rani. Amma da damina ruwan yana zurfi, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa. Kada yaro mai kiwo ya shiga wanka shi kaɗai.

In wani yana nutsewa, wanda bai iya iyo ba kada ya faɗa. A miƙa ma shi sanda, ko a jefa igiya ko jarka wofi mai murfi. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Rijiya ma tana da nata haɗari. Mugunyar iska tana taruwa a gindinta, ido ba ya ganinta. Kafin yasa, a zura fitila da igiya. In ta mutu, ba a shiga. Masu albasa a fadamar Tarka su kula: ba a sa injin ban ruwa mai aiki cikin rijiya. Hayaƙinsa yana kisa, ko da fitila ba ta mutu ba.

Mai shiga rijiya ya ɗaura igiya a jikinsa, maza biyu su riƙe a sama. In ya suma, a jawo shi, kada wani ya bi shi ciki.

Rigakafi ya fi magani.