Tinariwen a Kan Dandali: Abin da 'Yan Kallo ke Faɗi Bayan an Tashi Wasa

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na kaɗe-kaɗe, a rubuce, don wanda rediyonsa bai kama ba ranar, ko kuwa batir ya yanke masa ana tsakiyar hira.

Maganar ta taso ne a kan Tinariwen, ƙungiyar Buzayen nan masu kaɗa jitar lantarki. Da wuya ka shiga motar da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas, ko ka tsaya rumfar mai cajin waya a kasuwar dabbobi, ba ka ji irin kiɗansu ba. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganinsu ido da ido. Su kuwa waɗanda suka gani, bakinsu ya zo ɗaya: abin da ke cikin memori daban, abin da ke kan dandali daban. To mene ne bambancin? Kuma me ya sa mutum zai cire kuɗi ya tafi kallon dattawan da wasunsu sun haura shekara 60?

Su wane ne mutanen?

Turawa na sa su a layin kiɗan da suke kira rok, wato kiɗan jitar lantarki wanda ya yi tashe a Amurka da Ingila. Amma asalinsu nan ne kusa da mu. Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib mutumin Tessalit ne a arewacin Mali. Yana ɗan shekara 4 aka kashe mahaifinsa a idonsa, lokacin tawayen 1963, sai ya girma yana ɗan gudun hijira a Aljeriya. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta: gwangwani, da sanda, da wayar birkin keke.

Dattawanmu makiyaya ba sa bukatar a tuna masu farin 1973. Wannan fari, da wanda ya biyo baya wajajen 1984, shi ya ƙarar da garken Buzaye, samari suka bar daji suka nufi Aljeriya da Libiya neman aikin ƙarfi. Su ne ake ce wa ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci, ma'anarta marasa aikin yi. Cikin irin waɗannan samari ne Ibrahim ya haɗu da abokansa a Tamanrasset wajen 1979, suka fara kiɗa a bukukuwa. Daga baya suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya, kuma da tawaye ya ɓarke a 1990 wasunsu sun ɗauki bindiga. Da aka yi sulhu suka ajiye ta, suka riƙe jita kawai. Sunan Tinariwen jam'in kalmar tenere ne, wato hamada.

A lokacin babu kamfani, babu kasuwa. Wanda ya kawo kaset maras komai sai su ɗaukar masa waƙa, shi kuma ya ba wani ya kwafa. Haka muryarsu ta ratsa iyakoki cikin aljihun direbobi da fatake. Sai a 2001 faifansu na farko ya fita duniya, wanda aka ɗauka a gidan rediyon Tisdas na Kidal. A 2007 su suka buɗe wa Rolling Stones wasa a ƙasar Ailan. A 2010 sun yi kiɗa a Soweto wajen bikin buɗe gasar cin kofin duniya. A 2012 kuma faifansu Tassili, wanda suka ɗauka cikin duwatsun kusa da Djanet, ya ci kyautar Grammy a Amurka.

Abin da 'yan kallo ke fara ambata

Na farko shi ne rashin gaggawa. Wanda ya saba da wasan rok na Turawa yana jiran tsalle da ihu tun daga minti na farko. Su Tinariwen sai su fito cikin manyan riguna da rawani, an ja amawali, su jera, su fara a hankali kamar ayarin da ya tashi da asuba. Jita ɗaya ta ɗauko hanya, ta biyu ta bi ta, mai ƙwarya ya shigo, sannan tafi. Masu kallo da yawa kan ce waƙa biyu ko uku na farko ba su ji komai ba, sai can suka farga jikinsu na rausaya ba su san lokacin da ya fara ba.

Akwai dalili. Kiɗan an gina shi ne a kan tende, wato turmin nan da matan Buzaye ke ɗaure wa fatar akuya su kaɗa, mace ɗaya na ba da waƙa sauran na amshi da tafi, maza na zagaye su a kan raƙuma. Tinariwen sun ɗauko wannan tsari suka ɗora wa jita. Waƙar ba ta yawan sauya hanya. Tana zagaye wuri ɗaya, tana komawa, tana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a kan raƙumi ya san wannan rausayar a ƙugunsa. A cikin faifai waƙa kan tsaya minti huɗu ko biyar. A kan dandali kuwa suna iya jan ta yadda suka ga jama'a sun karɓa, shi ya sa take samun lokacin kama mutum.

Na biyu shi ne nauyin sauti. Akwai jita mai kaurin murya da ake kira bas, wadda Eyadou Ag Leche ke riƙewa. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da irin wannan murya, yanke ta take yi, sai ka ji siririn jita da waƙa kaɗai. A wurin wasa kuwa, manyan lasifikoki na tura ta har ka ji ta a ƙirjinka da tafin ƙafarka. Ke nan wanda ya san Tinariwen ta waya, rabin kiɗan ya sani.

Na uku shi ne tafi. A nan ɗan kallo ba baƙo ba ne, ma'aikaci ne. Da zarar mawaƙan sun ɗaga hannu sun nuna yadda za a tafa, ɗakin gaba ɗaya ya zama 'yan amshi. Mutum dubu na tafi lokaci guda, wannan ba abin da memori zai iya ɗauka ba ne.

Sai kuma su kansu dattawan. Ibrahim shi ne ba ya naɗa rawani, yakan fito da sumarsa a buɗe, ba ya yawan magana, murya ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa kansa hira. Alhassane Ag Touhami shi ne mai rawa, yana taka ta a hankali, hannuwa na yawo a sama, kuma shi jama'a suka fi yi wa shewa. Abdallah Ag Alhousseyni ya fi riƙe jitar da ba ta lantarki ba, kuma shi ne kan gaisa da jama'a da 'yan kalmomi. Masu kallo kan ce ganin fuskokin nan, da sanin abin da suka gani a rayuwa, shi ke sa waƙar ta yi nauyi.

Ɗaki ɗaya, kunne biyu

Ga inda maganar ta fi daɗi. A wasan da ake yi a Faransa ko Jamus ko Amurka, yawancin masu kallo ba sa jin Buzanci ko kalma ɗaya. Abin da suke faɗi bayan an tashi shi ne sun samu natsuwa, sun yi rawa, sun ji kamar an kai su hamada. Amma a cikin ɗakin nan akwai 'yan tsirarun Buzaye mazauna can, galibi a gaba kusa da dandali, mata na guɗa, maza na amsa kowane baiti. Su abin da suke ji daban ne. Waƙoƙin na maganar ƙishirwa, da rijiyoyin da suka ƙafe, da 'yan'uwan da suka watse, da rabuwar kai, da kira a haɗa kai. Su kansu mawaƙan suna kiran kiɗansu assouf, wato kewa, irin wadda ke kama mutum da dare in ya yi nisa da gida.

To ka ga mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na murmushi yana rawa, ɗaya na share hawaye da bakin rawani, kuma waƙa ɗaya suke saurare. Akwai masu jin haushin wannan, su ce ana rawa a kan kukan wasu. Akwai kuma masu cewa kuɗin tikitin Baturen nan shi ke ciyar da iyalan mawaƙan, kuma shi ya sa duniya ta san akwai wuri mai suna Kidal. Kowanne da gaskiyarsa. Ɗan kasuwar bakin iyaka ya fi kowa sanin cewa kaya ɗaya, daraja biyu, gwargwadon ɓangaren da ka tsaya.

Ba kowa ke fita yana yabo ba

Akwai ƙorafi, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. Wasu kan ce waƙoƙin duk kama ɗaya suke, in ka ji uku ka ji duka. Wannan ya fi fitowa daga wanda ba ya jin harshen, domin bambancin yana cikin kalmomi.

Wasu kuma sun sayi tikiti don ganin Ibrahim, suka tarar bai zo ba. An yi lokaci, bayan rikicin 2012, da ya zauna gida ƙungiyar na yawo ba tare da shi ba. Abin da ya kamata a gane shi ne Tinariwen ba kamar ƙungiyar Turawa take ba, mai mutum huɗu ko biyar tsayayyu. Ta fi kama da zuri'a: wani ya tafi, wani ya dawo, matasa su shigo su koya a hannun manya.

Ƙorafi na uku shi ne na waɗanda suka taɓa ganinsu a kan rairayi. Su kan ce ɗaki mai rufi, mai kujeru da mai gadi da lokacin tashi, ya matse kiɗan. A gida ana shimfiɗa tabarma ne, a hura wuta, a ɗora shayi, ba mai duban agogo.

Me ya sa mu ba ma ganinsu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafarmu. Da can akwai wurin haɗuwa. A watan Janairun 2001 aka fara babban bikin kiɗan hamada a Tin Essako cikin yankin Kidal, daga baya ya koma Essakane, sannan bakin garin Tambutu. Makiyaya na zuwa a kan raƙuma, baƙi na zuwa a mota, kowa ya kafa tanti. Na ƙarshe shi ne na Janairun 2012. Kwanaki kaɗan bayansa yaƙi ya ɓarke a arewacin Mali. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai da suka kama garuruwa suka haramta kiɗa, kuma a farkon 2013 aka kama ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, Abdallah Ag Lamida, kafin daga baya a sake shi. Faifansu na 2014, Emmaar, sai a hamadar Kaliforniya ta Amurka suka ɗauke shi.

Sakamakon ke nan: mutanen da aka yi waƙoƙin dominsu, su ne suka fi kowa wahalar ganin wasan. Ɗalibi a birnin Faris zai hau jirgin ƙasa ya je ya dawo ya kwana a gida. Makiyayin da ke jin kowace kalma kuwa, tsakaninsa da dandalin akwai biza, da kuɗin jirgi, da hanyar da ba ta da tsaro. Sai ya haƙura da guntun bidiyon da wani ya turo ta WhatsApp.

Kuma lokaci ba ya jira. Inteyeden, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya rasu tun 1994. Mohamed Ag Itlale, wanda ake kira Japonais, ya rasu a 2021. A Nijar ma Abdallah Oumbadougou, uban masu jita na ƙasar, ya rasu a 2020. Allah ya jiƙansu. Shi ya sa masu kallo da dama ke cewa sun je ne don ba su san ko za a sake ba.

Abin da ke kusa da mu

Duk da haka iri bai ɓata ba. Bombino na Agadas, da Mdou Moctar, da Etran de l'Aïr, da 'yan matan Illighadad, duk a wannan rijiya suka sha, kuma da dama cikinsu a wajen bukukuwan aure suka goge. Wanda ya taɓa tsayawa bikin aure a Agadas da dare, janareto na ƙara, ƙura na tashi, ko ya je taron makiyaya na Ingal da ake yi ƙarshen damina, ya ɗanɗani abin da 'yan kallon Turai ke biyan kuɗi su nema. Ta wani ɓangaren ma ya fi su, don shi ba a tashinsa da agogo.

Shawararmu ga mai son gwadawa: in za ka saurari Tinariwen, nemi lasifika mai ɗan girma, kada ka tsaya ga bakin waya. Bar waƙar ta kai ƙarshe, kada ka tsallake. Bi tafin da hannunka. In kuma akwai Buzu maƙwabcinka a kasuwa ko a bakin rijiya, zuba masa shayi ka ce ya fassara maka baiti ɗaya. Daga nan za ka san ko rawa za ka yi ko shiru.

Wanda ya taɓa ganinsu, ko a Tambutu, ko a Tamanrasset, ko a wata ƙasa, layinmu a buɗe yake ranar shiri, ya kira ya ba mu nasa labarin. Allah ya kai mu, ya tsare hanya, ya ba da damina mai albarka.