3.4 Tsira Allura a Matsayin Maganin Murar Alaji a Ƙasar Sin

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suke amfani da tsira allura, wato akufanca, wajen magance murar alaji, tare da duba abin da binciken zamani ya gano game da ingancin hanyar.

3.4.1 Ma'anar Murar Alaji

Murar alaji ta bambanta da murar da aka saba, domin ba ƙwayar cuta ce ke haddasa ta ba. Tana tasowa ne idan garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba shi da illa, kamar ƙura ko garin furanni ko gashin kyanwa, a matsayin abokin gaba. Daga nan sai jiki ya saki sinadarin histamin, wanda ke kumbura fatar cikin hanci. Alamominta su ne yawan atishawa, da yoyon hanci, da toshewarsa, da ƙaiƙayin ido. Ko da yake ba ta cika yin kisa ba, takan hana barci, kuma sau da yawa takan zo tare da ciwon asma.

3.4.2 Fahimtar Masu Gargajiya

Tushen wannan ilimi yana cikin littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Bisa koyarwarsa, akwai wani ƙarfi mai suna ci da ke kewaya jiki ta manyan hanyoyi 12. Masu wannan fahimta suna kiran murar alaji biciu, kuma suna ɗaukar hanci a matsayin ƙofar huhu. Saboda haka, idan ƙarfin huhu ko na saifa ko na ƙoda ya raunana, sai iska da sanyi su sami kafar shiga. Ya kamata a lura cewa ilimin ƙirar jiki na zamani bai gano waɗannan hanyoyi ba.

3.4.3 Yadda Ake Aikin

Mai magani yakan fara da jin bugun jini da duba harshe, sannan ya zaɓi gurabe. Waɗanda aka fi amfani da su su ne:

(a) Yingxiang, a gefen kowace kafar hanci;
(b) Yintang, a tsakanin gira biyu;
(c) Hegu, a tsakanin babban yatsa da manuniya;
(d) Zusanli, a ƙasan gwiwa.

Allurar siririya ce ƙwarai, ba ta ɗauke da ruwan magani, kuma ana barin ta kamar minti 20 zuwa 30. Ba a nufin fitar da jini, sabanin ƙahon da wanzamai ke yi. Wani lokaci akan ƙona busasshen ganyen wani tsiro dangin tazargade kusa da fata don ɗumama gurbin. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitaccen bayanin gurabe 361.

3.4.4 Abin da Bincike Ya Nuna

A shekarar 2013 Brinkhaus da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Jamus a kan majiyyata 422. An kasa su gida uku: masu allurar gaskiya, da masu allurar bogi da aka tsira sama-sama a inda ba gurbi, da masu shan ƙwayar setirizin kaɗai. An yi zama 12 cikin mako 8. Waɗanda aka yi wa allurar gaskiya sun fi samun sauƙi, sun kuma rage shan ƙwaya, amma ratar da ke tsakaninsu da masu ta bogi ba ta da yawa. A 2015 ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta sanya tsira allura cikin zaɓin da likita zai iya gabatar wa majiyyacin da ba ya son shan magani.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa hanyar tana iya rage alamomi, amma ba a tabbatar tana kawar da alajin ba. Haka kuma, allurar da aka maimaita tana iya yaɗa ciwon hanta, wadda aka zurfafa a ƙirji kuma tana iya huda huhu. Don haka wajibi ne ƙwararre ya yi aikin da sabuwar allura, mai asma kuma kada ya ajiye maganinsa na asibiti.