YADDA A KE NAZARIN LITTAFI GUDA SUKUTUM

A wani rangadi da na yi na duba makarantu tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, na shiga wani aji inda a ke koya wa 'yan yara kaɗan Ilmin Addinin Kirista. Kowa ya sani galibin mutanen wannan yanki Musulmi ne, amma akwai 'ya'yan Kiristoci, waɗansu 'yan ƙasa, waɗansu na ma'aikatan da aiki ya kawo, kuma hakkinsu ne a koyar da su da kyau kamar kowa. Na tarar suna kan Littafin Rut. Malaminsu ya sa su suka kawo aya ta 16 ta sura ta fari da ka, babu tuntuɓe. A nan ne Rut ta yi alkawarin ba za ta rabu da wadda ta ke yi wa magana ba. Sai na tambaye su, da wa ta ke magana? Duka suka ce da mijinta, domin a wurin ɗaurin aure suka saba jin ana karanta ayar. Alhali kuwa mijin ya riga ya mutu, surukarta Na'omi ta ke yi wa maganar.

Ban ga laifin yaran ba. An ba su aya, ba a ba su littafi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don ciwon ba na aji ɗaya ba ne, ba kuma na darasi ɗaya ba.

INDA SURORI DA AYOYI SUKA FITO

Littafi Mai Tsarki na Kirista tarin littattafai ne, 66 a lissafin da ya fi yaɗuwa a ƙasar nan: 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. Ko wanne da marubucinsa, da mutanen da aka rubuta dominsu, da abin da ya ke nufin faɗi. Waɗanda suka rubuta su ba su sa lambar sura ko ta aya ba. Rabon surori da a ke bi yau ana danganta shi ga Stephen Langton, babban limamin Kantabari a Ingila, wanda ya mutu a 1228. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani Bafaranshe mai ɗab'in littattafai, Robert Estienne, ya sa su a 1551. An yi su don sauƙin nemo wuri, kamar lambar da akawu ya kan sa wa shafin fayil. To, wane akawun kirki ne zai buɗe shafi na 16 kaɗai, ya rubuta ra'ayinsa a kai wa shugaba, bai san abin da ya gabata ba?

Mai jin Hausa ba shi da uzurin rashin littafin. Tun 1857 Schön ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa. Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kammala fassarar duka, aka buga ta a 1932, aka kuma fitar da sabuwar fassara a 1979.

HANYAR DA MALAMAN KIRISTA SUKA TSARA

A 1904 James Gray, na makarantar Moody da ke Chicago a Amurka, ya wallafa wani ɗan littafi inda ya shawarci mai karatu ya ɗauki littafi ɗaya ya karance shi a zama ɗaya, ya yi ta maimaitawa, kafin ya nemi sharhin kowa. A 1952 Robert Traina, malami a New York, ya shimfiɗa matakan dalla dalla: a fara da lura da abin da ke rubuce, sa'an nan a nemi ma'anarsa, daga baya a duba yadda za a yi aiki da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna a zauren malami, inda almajiri ya kan ɗauki Ahalari ko Iziyya daga farko har ya sauke, ba ya tsallake babi.

Bari mu gwada hanyar a kan Littafin Rut ɗin nan, mai sura 4 da aya 85.

Na farko, a karanta shi duka da babbar murya, ba tsayawa, ba tambaya. Ba zai ci minti 20 ba. A sake washegari, a kuma sake jibi. Wanda ya hau ɗaya daga duwatsun Birnin Kudu ya kan ga yadda unguwanni da hanyoyi suka kwanta, abin da mai yawo cikin lungu ba ya gani. Karatun farko hawan dutsen ne.

Na biyu, ko wane yaro ya raɗa wa ko wace sura suna da bakinsa, kalma uku ko huɗu. Sura ta fari, yunwa da mutuwa: Elimelek ya bar Baitalami da matarsa da 'ya'yansa maza biyu zuwa ƙasar Mowab, mazan uku duka suka mutu can, Na'omi ta komo da Rut. Ta biyu, kala a gonar Bo'aza. Ta uku, dare a masussuka. Ta huɗu, shari'a a ƙofar gari gaban dattawa goma, da aure, da haihuwa. Idan aka jera sunayen nan huɗu a allo, ƙashin bayan littafin ya fito.

Na uku, a nemi kalmomin da marubucin ya yi ta nanatawa, a ja musu layi da fensir. A asalin Ibrananci kalmar komawa ta zo sau 12 a sura ta fari kaɗai. Haka kuma an yi ta kiran Rut mutuniyar Mowab har cikin sura ta ƙarshe, ko da ya ke mai karatu ya san haka tun farko. Marubuci ba ya maimaita magana a banza. So ya ke kada a manta baƙuwa ce, daga ƙabilar da dokar Isra'ila ta ware.

Na huɗu, a gwama farkon littafi da ƙarshensa. An buɗe da yunwa da kaburbura uku, an rufe da jariri a cinyar Na'omi. Jaririn shi ne Obida, wanda ya haifi Yesse, wanda ya haifi Dawuda. Watau Dawuda tattaɓa-kunnen baƙuwar nan ne mai bin masu girbi tana kala. Wanda ya tsaya a aya ta 16 ba zai taɓa isa nan ba, ga shi kuwa nan ne labarin duka ya nufa.

Na biyar, a bincika al'adun zamanin. A nan yaron Gwaram ya fi na birni sa'a, gama ya san kala bayan girbin dawa, ya san roron gyaɗa, ya san shiƙa a masussuka. Bambancin kawai, sha'ir da alkama su ke nomawa. Amma fa malami ya yi hankali, kada kama ta ruɗe shi. Kala a wurinsu doka ce, tana cikin Littafin Firistoci sura ta 19, inda aka hana mai gona ya share ta ƙaf don matalauci da baƙo su samu. Fansar gonar dangi, da auren matar mamaci, da tuɓe takalmi don tabbatar da ciniki, su ma ba daidai su ke da gadonmu ba. Sai a wannan mataki ne ya kamata a buɗe littafin sharhi, bayan yaro ya tara tambayoyinsa.

Na shida, ko wane yaro ya rubuta abin da littafin ya ke faɗi cikin jimla ɗaya, ya kawo hujja daga surori huɗun duka. Sa'an nan ne za a yi maganar darasin da ke ciki, kamar riƙon amana da kula da gwauruwa da baƙo. Haddar aya ta zo a ƙarshe, lokacin da yaro ya san mai maganar, da wanda a ke yi wa, da dalili.

IDAN LITTAFIN DOGO NE

Hanyar ba ta sakewa, sai dai a ƙara kwanaki. Bisharar Markus sura 16 ce, ana iya karance ta cikin awa biyu, ko a raba zama biyu. Mai yin haka zai lura labarin ya juya a sura ta 8, kuma surori shida na ƙarshe duka a kan kwanakin ƙarshe ne a Urushalima. Littafin Ishaya mai sura 66 sai a ba shi mako guda. Abin kiyayewa shi ne kada a tsaya tono aya kafin an kai ƙarshe sau ɗaya.

ROƘONA GA MALAMAI

Na san abin da za a ce: lokaci kaɗan ne, jarrabawa na tafe, littattafai ba su isa ba. Amma darasi shida sun ishi Littafin Rut bisa tsarin nan, kuma kofi ɗaya ya wadatar idan yara suna karɓa-karɓa suna karantawa a fili. Yaron da ya san labari sukutum, ta ko wace fuska aka juya masa tambaya zai amsa. Mai haddar takardar malami kuwa, da an sake kalma ɗaya sai ya tsaya cik.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu su ga cewa littafin kansa ya shiga hannun yara, ba taƙaitawar malami kaɗai ba. Malamin Hausa ma ya gwada matakan nan a kan Shaihu Umar ko Ruwan Bagaja, mai koyar da tarihi ya gwada a nasa. A rangadi na gaba, in Allah ya kai mu, ba zan ce a kawo mini aya da ka ba. Zan ce a rufe littafi, yaro ya tashi ya ba ni labarin daga farko har ƙarshe.